Ƙyallen da na Kwance a Gindin Tudu

Yau kwana goma sha tara ke nan da ruwan farko ya sauka a garinmu, kuma tun ranar sama ba ta ƙara ɗigo ko ɗaya ba. Geron da muka shuka ya fito ya tsaya, ganyensa ya nannaɗe. Kafin hantsi ya yi, ƙasa ta ɗauki zafin da ko jaki sai ya riƙa ɗaga ƙafa. Shanunmu shida suna tsaye a gindin gawo, kana iya ƙirga haƙarƙarinsu daga bakin ƙofa. Wuri ɗaya ne ya rage kore a duk karkarar nan, tudun da ke gabas da gari, kuma ni ne na hana a hau shi. Shekaranjiya ɗana Lawali ya zo mani da maganar tudun. Tun daga lokacin hankalina bai kwanta ba, don na taɓa jin wannan maganar, ba ragi ba ƙari, a bakin wani mutum shekara arba'in da ɗoriya da suka wuce.

Garinmu ƙarami ne, arewa da Dakoro, kan hanyar Azagor. Kakana Tanko ne ya gina rijiyar da ta tara mutane a wurin, shi ya sa riƙon rijiyar ya zauna a gidanmu. Zurfinta gaba ashirin da biyu, ba a janta da hannu. Takarkari ke jan wasaki, wato babban gugan fata, a juye a komi dabbobi su sha. Gabas da rijiyar, kamar jifa biyu, nan tudun yake. Rairayi ne tsantsa, amma a wancan zamanin in ba a gaya maka ba, ba za ka sani ba. Gamba ce tsayin mutum, ga ƙomayya, ga karangiya, ga sabara da yaɗiya sun sarƙe ko'ina. Da sassafe in ka fita za ka ga barewa uku ko huɗu a samansa suna kallon gari. Zabin daji kuwa har damunmu suke da kuka, kuma tuje na yin ƙwai a bayan tudun.

Akwai doka a kan tudun nan tun zamanin Kaka. Ranar da ruwan farko ya sauka, mai rijiya yakan ɗaura farin ƙyalle a reshen aduwar da ke gindin tudun. Muddin ƙyallen na nan, kofato ba ya hawa, na ɗan gari ko na baƙo. Sai bayan an gama girbi, Baba ya hau da kansa ya murza kan ciyawa a tafin hannu. In ya ga ɗiyanta sun riga sun zube ƙasa, ba abin da ya rage sai ƙaiƙayi, sai ya sauko ya kwance ƙyallen, dabbobi su hau. Baba yakan ce rairayin nan ba don yana so yake zaune ba, saiwar ciyawa ce ta riƙe shi. Ni kuwa lokacin ina da shekara ashirin da ƴan kai, na yi aure, ina jin kaina. A raina nakan ce tsofaffi dai ba sa rasa abin tsoratar da mutane. Tudu guda, ina zai je?

Shekarar da nake faɗa, damanar da ta gabace ta ba ta yi ba. Abin da muka girba bai kai mu bazara ba. Ruwan farko ya zo da wuri, mai ƙarfi, har muka yi ta godiya ga Allah, muka shuka ɗan irin da Inna ta ɓoye a tulu. Baba ya ɗaura ƙyalle. Daga nan sama ta rufe bakinta, kamar dai bana.

Na tuna yadda wuni ke tafiya a gidanmu. Da an idar da sallar asuba sai in kama takarkari mu nufi rijiya. Inna da matata Rabi, wadda ke da cikin Lawali a lokacin, su ɗauki ƙwarya su shiga daji neman ƴaƴan anza. Wanda bai ci anza ba bai san ɗaci ba. Sai an jiƙa ta kwana uku ana canza ruwa kafin ta ciyu, kuma ko ta ciyu cikinka zai yi ta ƙugi har yamma. Hurar da ake damawa da rana ruwa ce aka nuna wa gero, kana ganin gindin ludayi ta cikinta. Da la'asar a dafa ganyen jiga da ɗan gishiri. Ba mu cika magana ba, magana ma ƙarfi take so. Zafi kuwa, in ka jingina da bangon ɗaki sai ka janye bayanka.

Ana cikin haka ƙafar Baba ta kumbura, wata ƙaya da ya taka ta yi ruwa. Aka ɗora shi a kamyon, babbar motar kaya, ranar kasuwa zuwa gidan likita a Dakoro. Kafin ya hau ya ce mani ga rijiya nan, ga ƙyalle nan, in kula. Na ce to, ina ma ɗan jin daɗi a raina, yau ni ne mai rijiya.

Kwana biyu da tafiyarsa shanu suka fara saukowa daga arewa. Tabkuna can sun ƙafe, ciyawar da ta tsiro ta ƙone. Ban taɓa ganin shanu haka ba, kuma ba na roƙon Allah ya sake nuna mani. Jajayen shanun nan masu dogon ƙaho, garke na bin garke, ba sa ko kuka. Tun fitowar rana muke jan ruwa har faɗuwarta, igiya ta cinye mani tafin hannu. Ƙasar bakin rijiya, wadda da take da tauri, kofato ya mai da ita gari, ƙafa na nutsewa har idon sawu. Makiyaya suka hau gawo da aduwa da gatari suna saro rassa, a kwana biyar itatuwan fadama suka koma guntaye. Safiya ba ta wayewa sai an ja mushe an kai bayan gari, ungulu har sun daina tashi in mutum ya zo wucewa. Duk wannan abin, tudunmu na tsaye kore shar a gaban idon dabbobin da ke mutuwa.

A cikin makiyayan akwai Buba. Shi ba baƙo ba ne a gidanmu. Ubansa ne ke sauka a gonarmu kowane rani, shanunsu su zuba mana taki, mu ba su gero da ruwa. Tare muka tashi da shi, ya sha hura a ƙwaryar Inna, na sha nono a ta uwarsa. Ya same ni a bakin komi da rana tsaka, ya tsuguna. Sannan ya ce mani daga cikin shanu sittin da ya taso da su, saura talatin da ɗaya, kuma rabinsu sai an kama wutsiya an ɗaga su suke tashi.

"Isuhu," ya ce, "kwana uku kawai. Su ɗan sa wani abu a ciki, mu samu ƙarfin wucewa kudu. Kwana uku, wallahi ba zan ƙara ba."

Na ce mashi dokar ba tawa ba ce. Ya ce ya sani. Bai matsa mani ba, da ya matsa ma da na samu ƙarfin ƙi. Kallon shanun kawai yake, hawaye na bin ƙurar fuskarsa. Na lissafa a raina: shanu talatin, kwana uku, tudu mai faɗin nan, me za su rage? Na tafi gindin aduwa na kwance ƙyallen na sa a aljihu. Inna na tsaye a ƙofar gida tana kallona, ta ɗora hannu biyu a ka.

Wautata ita ce, na manta ƙyalle ba ya magana da mutum ɗaya. Kowane makiyayi a ƙasar nan ya san ma'anarsa: in yana nan a rufe, in babu shi a buɗe. Kafin azahar shanun Buba sun hau, kafin la'asar duk wani garke da ke bakin rijiya ya bi bayansu. Na ruga da sanda ina ihu, ina cewa na mutum ɗaya ne, na kwana uku ne. Wani dattijo mai rawani ya tambaye ni cikin sanyin murya ko shanunsa ba Allah ya halicce su ba. Na mai da ƙyallen na ɗaura, amma ina! Dabba mai yunwa da ta ɗanɗana ɗanyar ciyawa ba ƙyalle ke tsai da ita ba, masu ita ma sun kasa. Ƴan garinmu da suka ga haka su ma suka saki awaki da jakuna, suka ce ba za a cinye a bar su da kallo ba. Na sake kwance ƙyallen don kunya.

Kwana tara aka yi. Ciyawar ba ta ko kai ga fure ba, balle ta zubar da iri. Da suka gama da ta sama, sai suka koma tumɓuke gamba da saiwarta, suna kakkaɓe rairayin suna taunewa. Awaki suka bi sabara suka bar itace tsirara. Na hau tudun ran na goma, ƙafata na zurmawa. Na ga sheƙar zabin daji an tattake, ɓawon ƙwai warwatse, tururuwa ta rufe. Abin da ya fi tsorata ni kuwa da rana tsaka na gan shi: barewa biyu tsaye a fili kusa da komi, cikin mutane, suna rawar jiki. Barewar da ko inuwarka ta hango sai ta ɓace. Karnukan gari suka yi kansu. Daga ranar ban ƙara ganin barewa a ƙasarmu ba har yau.

Buba ya wuce kudu da abin da ya rage mashi. Ya bar mani wata karsana da ta kasa tafiya, ya ce habbanaye ce, in ta rayu in riƙe ta ta haifa mani, wata rana zai dawo ya karɓi abarsa. Bai dawo ba, ban kuma ƙara jin labarinsa ba. Karsanar ta rayu, da ɓawon anza da ruwan dusa Rabi ta tashe ta. Mutanen gari kuwa suka ce Isuhu ya sai da tudu da karsana ɗaya. Wallahi ba haka ba ne, amma na gaji da rantsuwa na bari.

Baba ya dawo yana dogara sanda. Bai shiga gida ba, ya tsaya a bakin rijiya ya dubi gabas. Tudun ya yi fari fat, rana na dukansa har ido ba ya iya tsayawa a kai. Na zaci zai zage ni, ko ya ɗaga sandar, da na fi son haka.

"Isuhu, ina ƙyallen?"

Na ciro shi daga aljihu na miƙa mashi.

"Riƙe abinka," ya ce. "Babu sauran abin da zai tsare."

Bayan kwana kaɗan hadari ya fara haɗowa daga gabas, kusan kullum da la'asar, amma ba ruwa a cikinsa, iska ce zalla. Da, iskar nan kan bi ta kan gamba ta iso mana da sanyi da ƙamshin ƙasa. Yanzu kuwa kan tudun take kwasowa ta watso mana. Za ka ga rairayi na gudu a ƙasa kamar ruwa, yana sukar ƙwauri. Ɗan geron da ya rage a gona ya yanke shi tun daga tushe. Muna cin tuwo yana ƙaras-ƙaras a haƙori, muna tashi daga tabarma mu bar siffarmu a kai. Kowace safiya Baba kan kafa kara a inda gindin tudun ya tsaya, washegari a tarar rairayi ya haɗiye karan ya wuce. Tudun da na ce ina zai je, ga shi yana tahowa, kuma rijiya ya nufa.

Muka kewaye bakin rijiyar da zana, iska ta kwantar da ita. Ruwa ya fara fitowa ja, wasaki na dawowa rabi ruwa rabi rairayi. Dole a shiga a yashe. Ba wanda ya ce ni zan shiga, amma kowa ni yake kallo, kuma da gaskiyarsu. Na ɗaura igiya a ƙugu aka zura ni. Maza biyu na bakin rijiya suna karɓar guga, Rabi ke riƙe da takarkari da tsohon cikinta, don duk namijin da ke da ƙarfi yana wajen tare rairayi.

Na yi kwana uku ina shiga lafiya. Ran na huɗu, ina can ƙasa ina cika guga, sai na ga ɗan hasken da ke samana ya koma ja. Kafin in ɗaga kai da kyau ya yi baƙi. Na ji ƙugi a bakin rijiyar, sai rairayi ya fara zubo mani, da fari kaɗan-kaɗan, daga baya kamar ana juye buhu. Na girgiza igiya, shiru. Na yi kira, rairayi ya cika mani baki. Ya rufe mani ƙafa, ya kai gwiwa, ina ciro wannan ƙafar waccan na nutsewa. Na rufe fuska da riga ina numfashi ta cikin yadi. Da ya kai mani cinya sai na daina ƙoƙari, na yi kalmar shahada. Tsoron da na ji ranar har yanzu yana cikin ƙashina, ko rumbu ba na iya shiga in daɗe.

Abin da ke faruwa a sama daga baya aka ba ni labari. Hanyar da takarkari ke bi in yana ja gabas ta nufa, cikin iskar sosai. Rairayi na dukan idonsa, ya ƙi gaba, ya juya baya ya durƙusa. Mazan nan biyu suka kama igiya da hannu, suka kasa ko motsa ni. Rabi ce ta cire kallabinta ta ɗaure wa san ido, ta kama igiyar hancinsa ta naɗe a hannu, ta sunkuyar da kai ta shiga iskar tana ja tana kiran sunan Allah. Sai ji na yi ƙuguna kamar zai rabu biyu, aka fizge ni daga cikin rairayin, bango na gurje mani kafaɗa har sama. Da na fito ban gane kowa ba, duk sun yi ja har gashin ido. Tabon igiyar na nan a hannun Rabi.

Ba a ƙara shiga rijiyar ba. Kafin damana ta zagayo rairayi ya cike ta, shekara biyu bayan nan ko bakinta ba a gani. Rabin gari suka kwashe suka koma wajen Ɗan Gulbi. Baba ya rasu a ranin farko, bai taɓa tayar mani da maganar ba, kuma wannan shirun ya fi mani duka ciwo. Mu da muka rage muka yi shekara shida muna ɗauko ruwa a kan jaki daga nesa, kafin a gina rijiyar siminti da muke sha yanzu, can yamma kaɗan. Ita ma a kan hanyar iskar take.

Ni kuwa na koma wa tudun. Na kakkafa shingen karan gero layi-layi, na roƙo saiwar gamba a garuruwa ina dasawa, na riƙa share ƙasan rumbunan ciyawa ina watsa abin da na samu. Shekara goma kafin ya daina tafiya. Yanzu ya rufe, ko da yake bai kama ƙafar yadda yake da ba. Zabin daji sun dawo, ba su fi garke ɗaya ba. Tuje kam jikokina a hoton littafin lakwal, wato makarantar boko, suka san shi. Fadamar da shanu suka tattake garmani ne ya cinye ta, ciyawar da ko akuya ba ta so. Kuma kowace shekara, ranar ruwan farko, nakan ɗaura farin ƙyalle a aduwar nan, wadda ta tsira daga gatari da rairayi.

Shekaranjiya ke nan Lawali ya dawo daga Dakoro a kan moto, wato babur, bai samo dusa ba, ko buhu ɗaya babu a kasuwa. Ya zauna a gabana, shi ma yanzu da furfura a gemu, ƴaƴansa biyar kuma nonon shanun nan suke sha. Shanun shida duk jikokin karsanar Buba ne. Ya ce bana ba baƙi a bakin rijiya, namu ne kawai, kuma zai tsaya a kansu da kansa.

"Baba, kwana uku kawai."

Na ce mashi akwai garke biyu da suka sauka a Azagor, kuma yanzu da salula labari ya fi saniya sauri. Ya ce to in shanun suka mutu fa, me yara za su sha? Yana da gaskiya, kamar yadda Buba yake da gaskiya. Rabi na zaune gefe tana tsince wake. Ba ta ɗago kai ba ta ce:

"Malam, ni dai yanzu ba ni da ƙarfin jan takarkari."

Lawali ya tashi ya fita, tun ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ina jin tsoro ta ko'ina. Ina tsoron in wayi gari in tarar da Ja a kwance, ita ce babbar saniyarmu, da hannuna na karɓi haihuwarta. Ina tsoron idon jikokina in ƙwarya ta dawo ba nono. Amma na taɓa tsayawa a gindin rijiya rairayi na hawa jikina, kuma in tudun nan ya sake tashi, ɗana ne za a ɗaura wa igiya a ƙugu.

Yau tun da safe na kai tabarma gindin aduwa, na ƙara wa ƙyallen ƙulli, na zauna da sanda. Da azahar Ja ta tsinke igiya ta taho tana tangaɗi, ta nufo ni kai tsaye, don ta saba duk abin da ke hannuna nata ne. Ta shinshina kafaɗata, ta miƙa wuya ta kaina wajen ciyawar. Na kira sunanta, ba ta ji ba. Na ɗaga sanda na buga mata a hanci, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ta. Ta ja baya ta tsaya tana kallona, ni ma ina kallonta, na kasa share idona. Can bayan tudun, gabas ta fara haɗowa, kuma daga inda nake zaune ba na iya gane ko ruwa ne ko iska.